Tawada a Ƙarƙashin Lalle

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, Shi da ya san abin da ke cikin tukunya tun ba a ɗaga murfi ba. A baya na ba ku labarin ƙuruciyata da yadda aka kawo ni gidan nan na Tudun Wada, kun karanta kun yi dariya, har Bilkisu ta bugo waya tana cewa in ƙara. To wannan ba na dariya ba ne. Na daɗe ina kewaye shi kamar mai sabon zane a bakin kwata, yau kuma na ga ba hanya sai ta ciki. Rubutuna kun san shi, na yaƙi da jahilci ne, da furfura na koye shi. In kun ga harafi ya karkace ku miƙe shi, amma maganar kada wanda ya taɓa min ita.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da na ji ranar sadakar bakwai ta mahaifinku. Ina ɗaki cikin takaba, mata sun cika tsakar gida, maza suna zaure har ƙofar gida. Kun san kunnena. Malam, Allah ya jiƙansa, yakan ce da ana ɗaukar kunne aiki da ni ke ciyar da gidan nan. Bango ɗaya ne tsakanina da zaure. Na ji takun Yayanku, wanda ba ya ɓuya, ƙafa ɗaya da nauyi ɗaya a ja, ya zo zai zauna a tabarmar gaba inda 'ya'yan mamaci ke karɓar gaisuwa. Sai na ji muryar Nura ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi don kada baƙi su ji:

"Ba sai ka zauna a gaba ba, Yaya. Wanda ka guje wa ai ya riga ya tafi."

Takun nan ya juya, ya koma can baya wajen takalman mutane. Ban ce komai ba ranar, ga shi shekara biyu ke nan ban ce ba. Nura, ba don in kunyata ka na rubuta wannan ba. Abin da aka zuba maka shi ka haɗiye, ni kuwa ni na dafa shi.

Mahaifinku kocin hoki ne a kwalejin da kuka sani, tun kafin ya aure ni. Don jikokina da ba su tarar ba, hoki wasa ne da sanda mai lanƙwasasshen baki da 'yar ƙwallo mai taurin dutsen guga, mutum goma sha ɗaya kowane gefe, kowa a sunkuye kamar masu kalar gyaɗa. Kwanaki wata jikata ta nuna min a waya wasu Turawa suna yin irinsa a kan ƙanƙara, da wuƙaƙe a ƙasan takalmi. Na ce mata ko a kan wuta suke yi, kowannensu yana da uwa a gida tana jiran ya dawo da haƙoransa. Ni ban taɓa taka filin ba, ba mai fita ba ce ni, amma ba abin da ban sani ba a kansa, don filin ne ke zuwa wurina. Sanduna a jingine a bangon kicin ina naɗe musu mariƙi da tsohuwar robar tayar keke, ina ɗinke katifar ƙafar mai tsaron gida in ta yage, duk Asabar kuma bayan atisaye in tuƙa tuwon masara na mutum ashirin da miyar kuka. Daga yadda suke zubar da takalmi a zaure nake sanin an ci ko an sha kashi, tun ba wanda ya buɗe baki.

Malam yana da hanyarsa ta neman 'yan wasa, ba ya kauce mata. Duk damina, in yaran sakandare suka gama jarrabawar fita, sai ya sa farar riga, ya sayi goro, ya hau babur kamar mai zuwa neman aure. Ba yaro yake fara nema ba, uba yake nema. Ya zauna a zauren mutum bayan la'asar, a gaisa, a tambayi ruwa da gona, sannan ya ajiye goro ya ce:

"Aron ɗanka na zo yi, shekara uku. Zan dawo maka da shi da takarda a hannu, in Allah ya yarda."

Kwaleji ta ba yaro gurbin karatu da gado a ɗakin kwana, shi kuma ya buga mata wasa. Uba ya kama hannun ɗansa ya sa a na Malam, sannan Malam ya dubi yaron ya tambaye shi ko yana so, a yi fatiha, shi ke nan. Gyallesu, Tudun Jukun, Dutsen Abba, ba lungun da babur ɗin nan bai sani ba. Kullum maganarsa ɗaya ce, sanda ba ta ciyar da tsoho, takarda ke ciyar da shi.

Daga baya sai wasu kulob-kulob suka ɓullo can kudu, na masu hali, suka kafa gasar matasa. Filinsu na kafet ne kore shar, ba irin namu na burji mai cin gwiwa ba. Suna ba yaro alawus duk wata, da takalmi, da labarin cewa Turawa suna zuwa kallo su ɗauki wanda ya burge su. Su ba ruwansu da zauren uba, yaro suke kira a waya. Ga kuma doka: duk yaron da sunansa ya shiga rajistar wannan gasa ya karɓi alawus, ƙofar gasar kwalejoji ta rufe masa ke nan, ba buɗewa. Sai ya zamana Malam ya reni yaro tun yana firamare, ranar da ya nuna wani ya zo ya tsinke. Mai tsinkar kuwa a yankinmu ba baƙo ba ne. Tanimu ne, ɗan Tudun Jukun, tsohon ɗan wasan Malam, wanda ya ci tuwona shekara uku har na san ba ya son yaji.

A shekarar da nake ba ku labari, manyan kwaleji suka kira Malam suka ce filin hoki ya tare musu wuri a banza, suna son gina azuzuwa a kai. Sharaɗi ɗaya suka ba shi. In ƙungiyarsa ta tsallake wasan shiyya ta kai gasar kwalejoji ta ƙasa a wannan shekara, fili ya tsira. In ba ta kai ba, a kawo bulo. Sababbin yara uku ya dogara da su. Na farko ɗan Gyallesu ne, an yi fatiha da ubansa ranar Juma'a, ranar Talata yana cikin motar Legas. Na biyu ubansa ya aiko da goron a cikin ledarsa, ko ɗaya ba a ɓare ba, da saƙon a yi haƙuri. Na uku yana kwana a ɗakin da ke jikin zauren gidan nan. Yayanku ne.

Dole in tsaya nan in gaya muku wani abu da ku 'yan yanzu ba ku ɗauke shi komai ba. Na ga Bilkisu tana rungume da ɗanta na fari a gaban surukai, tana kiran sunansa har da waƙa. Mu ba haka aka rene mu ba. Ɗan fari ɗan kunya ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka yabonsa, ba ka nuna ka san yana wurin, balle shi da aka sa wa sunan mahaifin Malam. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa Dutsen Abba, bai dawo hannuna ba sai da ta rasu yana ɗan shekara tara. Ya shigo da 'yar jakarsa yana kallona kamar matar maƙwabta. In zan ba shi abinci, tukunya nake wa magana: "Ga na wancan nan, in ya ga dama." In zan aike shi sai in ce wa Bilkisu ta gaya wa yayanta. Malam kuwa ya fi ni. A gida "kai" ne, a fili kuma Lamba Tara, lambar rigarsa. Kada ku ce rashin so ne. Na sha hango Malam ta labule, bayan yaron ya fita, ya ɗauki sandar yaron yana shafa bakinta, yana goge ta da hannun riga. Yana jin motsina sai ya jingine ta da sauri kamar ta ƙona shi.

Yaron kuwa Allah ya ba shi hannu. Da reshen darbejiya ya fara a lungun nan, yana bin ƙwallon goruba, ba wanda ya ce masa ya zo fili, bin bayan babur ɗin ubansa kawai ya yi wata rana, ba a kore shi ba, ya ci gaba da zuwa. Wata Asabar a cikin daminar nan suka yi wasan gwaji da wata ƙungiya daga Kaduna. Takalma suka zube a zaure da ƙara, na san an ci. Na aika da tuwo, na tsaya bayan bango ina sauraro. Malam yana bin yara ɗaya-ɗaya kamar yadda ya saba.

"Isuhu, tsaronka ya yi kyau yau. Sale, ƙwallon nan da ka miƙa, ko ni sai haka."

Wani ya ce, "Koci, Lamba Tara fa? Uku ya zura."

"Ya zubar da biyu," in ji Malam. "A miƙo min yajin nan."

Aka yi dariya. Na san muryar kowane yaro a zauren, ban ji ta Yayanku a cikin dariyar ba.

Washegari da safe na kai wa Malam koko da ƙosai, na tsaya ina gyara abin da bai ɓaci ba.

"Malam, an ce Tanimu yana gari."

"Na ji."

"Ka yi wa wancan magana kuwa?"

"Maganar me?"

"Ta kwalejin. Ko yana so, ko ba ya so."

Ya ajiye ludayi ya dube ni kamar na yi wani yare.

"Hajara, ana roƙon abin da ke cikin aljihu? In sayi goro in kai wa wa? In zauna a zaurena in gaishe da kaina? Na riga na cika masa fam, yana ofis."

"Ya sani?"

"Zai sani ranar da aka buɗe makaranta."

Ranar Laraba da hantsi, ruwa ya ɗauke, ina tsintar wake a tsakar gida. Ku kuna makaranta, Malam yana kwaleji. Yayanku ya fito ya tsuguna can jikin turmi, ya ba ni gefe. Bai taɓa tsugunawa haka ba sai in an kira shi.

"Inna."

Na ce wa waken, "Ana ji."

"Tanimu ya ce suna so na."

"Mutane da yawa suna son abin da ba nasu ba."

"Sau uku yana zuwa wurina, Inna. A ƙasa yake zama. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin hannu irin nawa ba." Ya ɗauki tsinke yana zane ƙasa. "Baba ya je gidan su Isuhu sau biyu da goro. Isuhun da ko tsayar da ƙwallo bai iya ba sai da na koya masa. Gidan kowa ya je. Ni ko a hanyar masallaci bai taɓa ce min, kai, za ka buga min? Da ya tambaya sau ɗaya, wallahi ko a kan ƙaya ne zan buga masa."

"Kunya ce," na ce.

"Na sani. Ni ma da ita aka rene ni. Amma kunya ba ta taɓa ce min sannu ba."

Shekarunsa goma sha bakwai a lokacin, takardar kulob kuwa ba ta tafiya sai da hannun uba ko na uwa. Ashe Tanimu yana zaure yana jira. Ya yi sallama ya shigo, don ɗan gida ne, ya cire wani sabon takalmi mai ƙyalli, ya durƙusa, turarensa ya rufe ƙamshin daddawata.

"Inna, barka da hantsi. Har yanzu ina mafarkin miyar kukarki."

"Ka ci tuwon gida, yanzu ka dawo ɗaukar tukunya."

"Haba Inna. Ni ma ɗan Koci ne. Shi ya koya min gane ɗan wasa, laifina ne da na gane?" Ya yi gyaran murya. "Shekara biyu kawai. In abin bai yi ba, ni da kaina zan dawo da shi, in nema masa makaranta."

"Ka je ka faɗa wa Malam haka."

"Ba zan iya haɗa ido da shi ba."

"Amma ka iya haɗawa da ni."

Ya zaro takarda, ya buɗe ɗan gwangwanin tawada ya ajiye kusa da faifan wake. Yanzu ga gaskiyar da nake so ku riƙe. Ba a yaudare ni ba. Na san Tanimu tun yana ce min bai samu tuwo ba alhali ya ci malmala biyu, kuma kullum da gyaran muryar nan yake farawa. Na ji ta, na gane ta. Na san dokar rufe ƙofa, don a gabana Malam ke ƙorafinta. Na san maganar fili da bulo. Ba wanda zai ce jahilci ne ya sa ni. Abin da ya faru shi ne na ɗaga kai na kalli Yayanku ido cikin ido, abin da rabona da yi tun yana kan cinyata yana shan nono. Na ga girarsa ta mahaifina ce, ban taɓa lura ba. Shekara goma sha bakwai yaron nan bai taɓa roƙona komai ba, ko ƙarin miya. Wannan ne roƙonsa na farko, ni kuma ban taɓa ba shi komai hannu da hannu ba. Na goge babban yatsana a zane, na danna a tawada, na dangwala inda Tanimu ya nuna.

Suna fita na hau wanke hannu. Na sa sabulu, na sa toka, na sa lemun tsami, har kananzir, shunin nan ya ƙi fita, ya maƙale a gefen farce. Sai na tuna da garin lalle da ya rage min tun Sallah. Na kwaɓa, na ƙunsa hannu biyu har wuyan hannu, na zauna da leda a hannu har azahar, abincin ranar Bilkisu ce ta ƙarasa da ta dawo. Da la'asar na kai wa Malam ruwa, ya karɓi kofi, idonsa a kan yatsuna.

"Bikin wa ake yi ban sani ba?"

"Ba biki. Hannun ne ya yi kaushi."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ya yi kyau," ya sha ruwansa.

Ranar Asabar da safe Malam ya tafi fili. Yayanku ya fito da jakar nan tasa, ya jingine sandarsa a bangon kicin cikin 'yan'uwanta, ya tsaya bayana ina hura wuta.

"Inna, in an tambaya, ni na sa wani ya dangwala. Kada ki ce komai."

Ban juya ba. Ban ce masa to ba, ban kuma ce masa a'a ba. Duk cikin abin da na yi, wannan shirun ya fi dangwalen nauyi. Na ji takunsa har ya fita zaure, lokacin ƙafafunsa biyu lafiya lau, da sauri-sauri kamar na ɗan akuya.

A ranar nan, takalma a hankali aka ajiye su a zaure. Tuwon mutum ashirin ya dawo min rabi. Bayan kwana uku kwafin takardar ya iso kwaleji, don haka ƙa'idarsu take, dole a sanar. Malam ya shigo da ita a hannu, ya tsaya tsakar gida ya kira lambar Tanimu, ya ce a ba shi yaron. Ina kicin, ina jin muryoyin biyu.

"Wa ya dangwala?"

"Wani na samu a tasha, Baba."

"Ɗan tasha ya zama ubanka ke nan. To, Allah ya ba ku zaman lafiya."

Ya kashe wayar, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya tambaye ni ko akwai ruwan zafi.

Sauran kun tarar da shi, sai dai ba ku san tushensa ba. A wasan shiyya aka fitar da su, ba su zura ko ɗaya ba. Isuhu ya tsare gida iyakar ƙarfinsa, amma ba mai ci a gaba. Kafin wata damina motocin bulo sun shiga filin. Aka mayar da Malam kula da sito, mutumin da muryarsa ke kaiwa ƙarshen fili ya koma zama da makullai. Ya kwaso sanduna a buhu ya ɗora a saman kicin, nan gara ta cinye su. Bai ƙara sayen goro ba sai in suna ake yi. Ni kuma na fi wata shida duk Asabar hannuna yana auna garin mutum ashirin, sai na ga tukunya ta cika in tuna.

Yayanku a shekarar farko ya aiko da hoto a wayar Bilkisu, yana tsaye a kan koren kafet ɗin nan, ya yi ƙiba kaɗan. Na sa ta bar min wayar na kalla har batir ya mutu. A shekara ta biyu sanda ta same shi a gwiwa ta farfasa ƙoƙon. Kulob suka yi masa magani wata ɗaya, da suka ga ba zai ƙara gudu ba suka cire sunansa. Wayar Tanimu ta daina shiga. Ya dawo Zariya a bayan motar da ke komowa da kwandunan tumatir, don ita ce ba ta tambaye shi komai ba. Ƙofar kwaleji a rufe, ƙungiyar ma babu ita. Ya durƙusa a zaure da ƙafa ɗaya a miƙe, ya gaishe da ubansa.

"Sannu da zuwa," in ji Malam. "Ɗakinka yana nan."

Shekara goma sha uku, abin da ke shiga tsakaninsu bai wuce irin wannan ba. Ya koyi gyaran waya don sana'ar zama ce, ya kafa rumfarsa a bakin titi, ya yi aure ya koma haya a Tudun Jukun. Ku kuwa kuka tashi da labarin da unguwa ta ba ku: Yaya ya gudu, ya yi takardar jabu, ya rushe filin Baba, Allah ya kama shi a gwiwa. Bai taɓa musawa ba. Sau ɗaya na yi yunƙuri, ya kawo min cefane ranar Juma'a ba kowa a gida, na ce wa buhun da ya ajiye zan faɗa wa Malam gaskiya. Ya ce:

"Bari, Inna. Ni na riga na saba. Ke kuwa gida ɗaya kuke."

Na ji daɗin amsar. Wannan ma ku rubuta a kaina.

Da ciwon ajali ya kwantar da Malam, wata rana da hantsi ina ba shi kunu, sai ya ture kofin ya kama hannuna na dama. Ya riƙe babban yatsan yana murza gefen farcen da nasa yatsan da ya rame.

"Hajara, lalle ba ya rufe tawada. A nan take maƙalewa."

Da ƙyar na ce, "Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika ba ni ruwa. Na ga tawada, ban san ta mece ce ba sai da takarda ta zo. Shekara nawa ina sa iyayen yara dangwale a fam?"

"Me ya hana ka magana?"

"In na yi magana, ko dai in kore ki, ko in ce kin yi daidai. Duka biyun ban iya ba." Ya numfasa. "Na tambaye shi a waya don in ji abin da zai ce. Ya yi min ƙarya don ya rufe uwarsa. Ranar na san na haifi ɗa. Kuma uku ya zura a wasan nan, ta ukun ban taɓa ganin irinta ba."

"To ka gaya masa, Malam."

"Da wane baki? Na zauna a zauren kowa a garin nan, ban zauna a nawa ba."

"Yana zaure yanzu haka. Kullum da hantsi yake rufe rumfa ya zo. In kira shi?"

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, har na ɗauka ya yi barci.

"Bari in ɗan ji ƙarfi tukuna."

Kwana tara ya ƙara a duniya. Kullum Yayanku ya shigo ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Baba, ya jiki?" Malam ya juya fuska bango ya ce, "Da sauƙi." Ina zaune tsakaninsu da kofin kunu, ina da ƙafa ina da baki, zaure taku goma ne daga ɗakin, ban fita na maimaita masa ko kalma ɗaya ba. Na ce maganar uba ce, uba zai faɗa. Ƙarfin bai zo ba. Bayan rasuwar kuma na ce sai na fita takaba, da na fita na ce sai an raba gado, da aka raba na rasa abin cewa. Har yau da nake rubutun nan bai san ubansa ya faɗi haka ba.

Ban ce ku zagi al'adar iyayenmu ba. Ta riƙe gidaje da yawa, ni ma ta riƙe ni. Amma mu uku muka zauna gida ɗaya kowa yana jin nauyin kowa, har ɗaya ya shiga kabari, ɗaya ya koma zama wajen takalma. Ban san ko da ya zauna da an ci wasan shiyya ba, ko da gwiwarsa ta tsira. Wannan na Allah ne. Abin da na sani, bai gudu ba, bai yi jabu ba. Yatsana ne a takardar.

Nura, kai za ka kai masa wannan littafi, da hannunka, ba aike ba. Ka same shi a rumfa, ka zauna a ƙasa har ya gama karantawa, kada ka ce komai sai ya ɗago. Ka tsaya a hanya ka sayi goro, fari, mai kyau, ka ajiye a gabansa ka ce daga zauren gidansu ne.

Saura abu ɗaya. Shekara talatin da huɗu bakina bai taɓa furta sunansa ba, kuma na gwada jiya ni kaɗai a ɗaki, harshena ya ƙi. Hannu dai ya yarda, shi da ya yi ɓarnar tun farko.

Haruna. Ni ce Hajara, uwarka. Ubanka ya ce ta ukun bai taɓa ganin irinta ba. Ranar Juma'a ƙannenka duk za su taru a gida, zan sa a shimfiɗa tabarma a gaba. Ba umarni nake ba ka ba, tambayarka nake yi. Za ka zo ka zauna?